Damargu: Inda Aka Yi Wa Gero Ganuwa

Duk wanda ya girma a Damagaram ya san ganuwar Birni, wadda Sarki Tanimun ya ɗaukaka a ƙarni na 19. Shi ya sa mutanenmu, in aka ce masu tsohon gari mai kariya, sai su zaci katangar ƙasa mai kauri da ƙofofi. Wanda ya tafi Damargu da wannan zato zai komo yana cewa bai ga komai ba. Ni kuwa can nake tura duk abokin da hayaniyar birni ta ishe shi.

Daga Zinder zuwa Tanut da ke ƙasar Damargu wajen kilomita 150 ne, a kan hanyar Agadas. Za ka wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, ka wuce Bakin Birji, ka iso Sabon Kafi. A nan nake so ka fara buɗe ido, don sunan garin kansa shaida ne. Ƙauyukan wannan ƙasa da kafi suka kare kansu: gungumen itace a jere, a cusa ƙaya a tsakani, a bar ƙofa ɗaya ko biyu da ake toshewa da magariba. Gara da wuta da masu neman makamashi sun daɗe da gamawa da su.

Me ake tsaro haka? Gero. Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayarin Buzayen Kel Awai kan sauko ya ɗauki hatsi, a kai shi Bilma da Fashi a musanya da kantun gishiri da dabino, gishirin kuma ya gangara har Kano. Ƙasar da take ciyar da masu raƙuma, kuma ba ta da babban sarki ɗaya mai dakaru, dole kowane ƙauye ya san yadda zai kwana. Manoma, Dagira da Hausawa, wasu suka fake a ƙarƙashin manyan Buzaye irin su Imuzurag suna biyan su da damman gero, kuma duk da haka ba su bar gari a buɗe ba, don mai kare ka bana yana iya zama maharinka baɗi.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa nan cikin ayarin gishiri a Janairun 1851. A Tagelel, ƙauyen Annur, ɗaya daga cikin shugabannin Kel Awai, ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, wanda ya nufi Zinder, shi kuma ya kama hanyar Tasawa da Katsina. Ya ambaci Olelewa da Kulan Karki cikin manyan garuruwan ƙasar. A 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta biyo wannan hanya daga arewa, kuma daga lokacin zamanin kafi ya fara ƙarewa.

To, me baƙo zai gani? Ka sauka a ƙauye, ka fara da ƙofar mai gari. Bayan gaisuwa da ruwan baƙo, ka ce, “Baba, ina kufan garin nan yake?” In ka dace da dattijo mai son hira, sanda zai ɗauka ya sa ka gaba. Zai nuna maka tudun da aka fara zama, inda tsingaro yake warwatse cikin rairayi, ya ja layi da sandarsa ya ce nan kafin ya bi, nan ce ƙofa. Ka lura da inda rijiya take daga tudun. Rijiyoyin Damargu zurfi gare su ƙwarai, har sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar guga ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito. In ka tsaya ka kalli wannan aiki, za ka gane dalilin da ya sa ba a kafa gari sai inda ake iya tsare ruwa da rumbu gaba ɗaya.

Ni na fi son yamma, wajen Tarka da Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Nan gona take haɗuwa da makiyaya, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, kuma a kasuwa za ka ji Hausa da Buzanci da Fulatanci a rumfa ɗaya.

Ka je da kaka, daga Oktoba zuwa farkon sanyi, lokacin da rumbuna suke cike kuma furar gida tana da nono. Kada ka sa ran otal. Tabarma ce a zaure, sai bargon da ka zo da shi. Ka yi tafiyarka da rana, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya tukuna. Ka riƙo goro da sukari da ganyen shayi na masu masauki, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa, tsingaron kufai kuma ka bar shi inda ka gan shi.