Mutum Ɗaya, Murya Biyu: Mawaƙan Ƙasar Buryat

Yau tafiya ce mai nisa zan yi da ku, har can yankin Siberiya na ƙasar Rasha, bakin tafkin Baikal, wanda duk duniya babu tafkin da ya kai shi zurfi, mita 1,642. A nan ne Buryat suke, ƙabilar makiyaya, dangin mutanen Mongoliya, babban birninsu kuwa Ulan-Ude.

Abin da ya fi ɗaure min kai game da su shi ne waƙar maƙogwaro, wadda ake kira khoomei. Ki ga mutum ɗaya tal a zaune, amma muryoyi biyu ke fita daga bakinsa lokaci guda: ɗaya can ƙasa kamar gurnanin raƙumi, ɗaya siririya kamar busar sarewa. Ba tsafi ba ne, 'yar uwa. Mawaƙin yana riƙe sauti guda a maƙogwaro, sannan ya riƙa juya harshe da leɓe har siraran sautukan da ke ɓoye cikin muryar su fito fili. An fi sanin wannan fasaha a Tuva da Mongoliya, maƙwabtansu, amma mawaƙan Buryat na zamani su ma sun rungume ta. A 2010 UNESCO ta sa khoomei na Mongoliya cikin jerin kayan gadon al'adun duniya.

Akwai kuma gogensu, morin khuur, mai tsirkiya biyu ta gashin wutsiyar doki, an sassaƙa kan doki a samansa. Ga tatsuniyar da Mongol ke bayarwa a kansa, na san za ta taɓa zuciyarki. Wai wani makiyayi ne, Namjil, yake da doki mai fukafukai, da shi yake zuwa wurin masoyiyarsa da dare. Sai wata mai kishi ta faki ido ta yanke fukafukan, dokin ya mutu, hanyar masoyiya ta yanke. Don baƙin ciki ya haɗa goge da fata da gashin dokin, yana gogawa yana kuka.

To, ina mata a cikin wannan harka? A Tuva an daɗe ana hana mace waƙar maƙogwaro, wai tana hana haihuwa. A 1998 wasu mata suka kafa ƙungiyar Tyva Kyzy, wato 'Ya'yan Tuva Mata, suka nuna camfi ne kawai. A wajen Buryat kuwa, tauraruwar da nake so ki sani ita ce Namgar Lhasaranova, 'yar ƙauyen Kunkur. Ita ba waƙar maƙogwaro ce sana'arta ba, doguwar waƙa take yi, inda ake jan kalma ɗaya da numfashi guda kamar ba za ta ƙare ba, tana kaɗa yatga, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa. A 2001 aka kafa ƙungiyarta a Mosko, a 2003 suka fitar da faifansu na farko, Hatar.

Abin tausayin shi ne harshen da ake waƙoƙin da shi yana neman ɓacewa. A zamanin Tarayyar Sobiyet an sauya musu rubutu zuwa na Rasha a 1939, daga baya aka daina koyar da yara da harshen a makarantu da yawa. Har UNESCO ta lissafa shi cikin harsunan da ke cikin haɗari. Yaro ya tashi ba ya jin abin da kakarsa ke rerawa, ina waƙar za ta je in tsohuwar ta rasu?

Namgar ba ta raina waƙoƙin ƙauye da ta ji wurin manyanta ba, ga shi sun kai ta har Turai da Amurka. Ke fa? Tsohuwar da ke gidanku tana da waƙoƙin daɓe da na niƙa cike da kai. Ki zauna kusa da ita yau da daddare, ki ɗauko biro da littafi, tun tana nan.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.