Kare da Ragowar Kwanonmu

Babu dabbar da Bahaushe ya zaga kamar kare, babu kuma wadda ya damƙa wa tsaron ƙofarsa kamar shi. In faɗa ya yi tsanani sai a ce ana kare jini biri jini. Azzalumin da ya rasa mai taka masa birki, an ce yana cin karensa babu babbaka. Mai hassadar wanda ya fi ƙarfinsa kuwa a ce masa kare ka mutu da haushin kura. Amma idan dare ya raba, gari ya yi tsit, haushin wannan abin zagin ne ke ba maigida damar yin barci da ido biyu a rufe.

A Karshi, can gefen Abuja inda hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo ta sauka kusa da iyakar jihar Nasarawa, kare iri biyu ne. Akwai na gargajiya, siriri mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, wanda ya saba bin manomi gona da bin mafarauci cikin duwatsu tun zamanin da Gwandara, waɗanda tarihin baka ya ce daga Kano kakanninsu suka fito, suka zauna a wannan ƙasa tare da maƙwabtansu Gbagyi da Gade. Akwai kuma baƙo, ƙaton karen Jamus da ire-irensa, da ake saye da tsada a ɗaure a sababbin gidajen ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni. Kamanninsu sun bambanta, amma cikinsu ɗaya ne, kuma dukansu daga hannun mutum suke ci.

Wannan cin daga hannun mutum shi ne asalin kare. Masana sun tabbatar daga kyarkeci ya samo tushe, kuma ya haura shekara 15,000 yana tare da ɗan Adam, tun kafin a san kiwon akuya ko saniya. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa jikin kare ya fi na kyarkeci iya narkar da abincin hatsi nesa ba kusa ba, saboda daɗewar da ya yi yana cin abin da manoma suka rage. Shi ya sa karen ƙauye ke rayuwa a kan ƙanzo da ragowar tuwon dawa da doya, ya yi ƙiba ya yi gudu. Daga nan ne muka ɗauka cewa duk abin da ya wuce ta maƙogwaronmu lafiya zai wuce ta nasa. A nan kuskuren yake.

Allah ya ba kare hanci, bai ba shi harshe mai tantancewa ba. Ƙwayoyin sansanar ƙamshi a hancinsa sun haura miliyan 200, na mutum kuwa ba su wuce miliyan 6 ba. A wajen ɗanɗano lamarin ya juye: mutum na da kusan 9,000 a harshensa, kare na da kamar 1,700. Haƙoransa 42 na yaga ne da fasa ƙashi, ba na tauna a tsanake ba. Ƙamshi ke kiransa, ya cafke, ya haɗiye, sai daga baya ciki ya ba da labari. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, sai dai shi kare ba a bar masa zaɓi ba. Haka aka halicce shi.

Cikin abincinmu da ke cutar da shi, na farko inabi ne. A da abin marmari ne da sai a labarin Makka. Yanzu ana noma shi a Kudan ta jihar Kaduna, kusa da Zariya, ana kuma shigo da shi daga waje, ga shi nan a faranti wurin masu sayar da kayan marmari a bakin titi. Busasshensa, zabibi, yana cikin tsarabar alhazai, yana cikin kek da burodi da shinkafar biki. Ga yaro gina jiki ne. Ga kare yana iya zama ajali. Tun wajen shekarar 2001 likitocin cibiyar kula da dabbobin da suka ci guba ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka fara jan hankali cewa karnuka na mutuwa da ciwon ƙoda bayan sun ci inabi ko zabibi. Cikin awa 6 zuwa 12 kare zai fara amai, ya yi laushi, ya ƙi abinci, ya yi ta shan ruwa. Kafin kwana uku ƙoda na iya tsayawa, fitsari ya ɗauke. In aka kai nan, da wuya a ceto shi. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne wani karen ya ci da yawa bai ji komai ba, wani ya ci 'yan ƙwayoyi ya kwanta. Don haka babu adadin da za a ce ba shi da haɗari, kuma zabibi ya fi ɗanye illa, tunda bushewa ta tattara abin da ke cikinsa wuri ɗaya.

Sai a 2021 likitocin wannan cibiya suka gano bakin zaren, suka kuma wallafa bincikensu a 2022. Abin da suke zargi shi ne sinadarin tatarik, mai ba inabi ɗan tsaminsa, wanda yawansa ke bambanta gwargwadon irin inabin da nunarsa. Cikin abubuwan da suka kai su ga wannan har da karnukan da suka kamu da ciwon ƙoda iri ɗaya bayan sun ci tsamiya. To, a nan maganar ta shigo tsakar gidanmu. Tsamiya ta ninka inabi yawan wannan sinadari, kuma babu gidan Bahaushe da babu ita: kunun tsamiya da azumi, ruwan tsamiya a tuwo, curin tsamiya da aka jiƙa aka zubar da tukarta a bayan madafa inda kare ke kiwo. Gidan da bai taɓa sayen inabi ba ma yana da abin da zai kiyaye.

Albasa ita ce ta biyu, ita kuma sannu take kisa. Ita da tafarnuwa suna ɗauke da sinadarin da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ko suya ko shanya ba sa kashe shi. Albasa ɗaya matsakaiciya, kamar giram 100, ta isa ta taɓa jinin kare mai nauyin kilo 20, haka ma kaɗan-kaɗan kullum tana taruwa. Takardar tsire da aka jefar da yankakkiyar albasa da yaji a ciki, ko ragowar miyar da aka juye masa kowane dare, duk hanya ce. Alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu ko fiye: dasashi ya yi fari, kare ya riƙa haki ba tare da ya yi gudu ba, fitsari ya yi ja ko ya yi duhu. A lokacin an manta da abin da ya ci, sai a ce sammu ne, ko a zargi maƙwabci da sa guba, zumunci ya lalace a banza.

Goro da kofi da ganyen shayi da cakulan dangi ne a wannan fanni. Abin da ke wartsake mutum a cikinsu, jikin kare yana daɗewa bai fitar da shi ba, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya ɗau rawa, har ta kai ga farfaɗiya. Cingam marar sukari sau da yawa yana ɗauke da wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙasa da awa ɗaya, ya kuma lalata hanta. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, da ake ba kare don tausayi, yana ƙona masa ciki da ƙoda.

Karen bana shi ke maganin zomon bana. Kakanninmu sun san karensu da abincin zamaninsu. Kwanonmu ya canja, dole sanin mai kare ya canja. In aka ga kare ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira alama. Ɗura masa manja ko madara ba ya karya wannan guba, ɗura ruwan gishiri don ya yi amai kuwa wata gubar ce ta daban. Awanni biyun farko su ne masu daraja: likitan dabbobi zai sa shi amai ta hanyar da ta dace, ya yi masa ƙarin ruwa na kwana biyu don kare ƙoda. Akwai likitocin dabbobi a Abuja, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja. Daga Karshi tafiya ce, ga cunkoson hanyar Nyanya, shi ya sa rigakafi ya fi magani: a rufe kwandon shara, a hana yara jefa masa abin da ke hannunsu, a ɗebar masa tuwonsa da ɗan nama ko kifi kafin a zuba miya.

A tatsuniya, kare da akuya da jaki sun shiga mota. Jaki ya biya daidai, shi ya sa ba ya kaucewa a hanya. Akuya ba ta biya ba, shi ya sa take gudu. Kare ya biya ba a ba shi canjinsa ba, shi ya sa har gobe yake bin mota da haushi. Ko yara sun san kare mai bin bashi ne. Addini ma bai ce a wulaƙanta shi ba. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi kwance a bakin kogo, ya kuma halatta abin da horarren kare ya kamo. Hadisi ya ba da izinin ajiye shi don farauta da tsaron gona da na dabbobi, ya kuma ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa daga rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi.

Wanda ya ɗaure kare a gidansa ya hana shi neman na kansa, ya mayar da kansa gonarsa da rijiyarsa. Dabbar ba ta san zabibi ba, ba ta san albasa ba, hannun da ya miƙo kawai ta sani. Sanin abin da ke cikin hannun nan wajibi ne a kan mai shi, kuma za a tambaye shi.