Daga Umar Sadiq zuwa Boniface: Shin ɗan wasan gaba mai fama da rauni ya cancanci a saye shi?

A Magarya da Dungas, watan Agusta lokacin noma ne. Da rana matasa suna gonakin gero da riɗi, da yamma kuma, idan an yi sallar isha'i, sai a cika gidajen kallo da teburan masu shayi. A daidai wannan lokaci ne kasuwar cinikin 'yan ƙwallo ta Turai ke kaiwa ƙololuwa, don haka ko ba a buga wasa ba, musu ba ya yankewa. Kowa da wayarsa a hannu yana jiran Fabrizio Romano ya tabbatar da labari, 'yan uwa da ke ci-rani a Kano, Agadas, Libiya da Aljeriya kuma suna jefo nasu ra'ayin ta saƙon murya a WhatsApp.

A damunar 2025 sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin masu kallo a wannan yanki na jihar Damagaram da ke bakin iyaka da Katsina da Jigawa: Umar Sadiq da Victor Boniface. Dukkansu 'yan Najeriya ne, dukkansu 'yan wasan gaba, kuma dukkansu an taɓa yi musu tiyata a gwiwa. Tambayar da ake ta juyawa ita ce, idan kai ne mai kulob, za ka zuba kuɗinka a kan mutumin da ka san ƙafarsa ta taɓa cin amanarsa?

Sadiq: kwana goma tsakanin murna da jinya

Labarin Sadiq ya fi taɓa zuciyar mutanen nan, domin ɗan Kaduna ne, yana jin Hausa, kuma da yawa suna kallon sa kamar ɗan gida. An haife shi a 1997. Duniya ta fara saninsa sosai a gasar Olamfik ta Rio a 2016, inda ya ci ƙwallo 4, biyu daga ciki a wasan da Najeriya ta doke Honduras 3-2 ta karɓi tagulla. Daga nan sai yawo: Roma ta riƙa ba da shi aro, ya je Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia, bai samu wurin zama ba sai a Partizan ta Sabiya, sannan Almería ta Sifaniya a 2020.

A Almería ne ya zama abin da ake tsoro. Ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko a rukuni na biyu, ya ƙara 18 a ta biyu, kulob ɗin ya haura La Liga. Da Newcastle ta ɗauke Alexander Isak a Agustan 2022, sai Real Sociedad ta nemi wanda zai maye gurbinsa, ta biya kusan Yuro miliyan 20 ta ɗauki Sadiq a ranar ƙarshe ta kasuwa. A kuɗin sefa wannan ya haura biliyan 13.

Ya ci ƙwallo a wasansa na farko, wanda aka tashi 1-1 da Atlético Madrid. Ranar 11 ga Satumba, a gidan Getafe, ya faɗi riƙe da gwiwa. Jijiyar da likitoci ke kira ACL ta tsinke, kakar ta ƙare masa tun ba a je ko'ina ba.

Abin lura a nan shi ne Sociedad ba ta sayi mai yawan rauni ba. Ta sayi lafiyayyen matashi mai shekara 25 da ya yi kaka biyu yana buga kusan kowane wasa. Masu cewa kulob ɗin ya yi wauta suna magana ne bayan abin ya faru. Inda musun ya fi armashi shi ne abin da ya biyo baya. Ya dawo a kakar 2023/24 amma ƙwallo 3 kawai ya ci a La Liga, kuma magoya baya ba su manta da damarmakin da ya ɓarar a wasan farko na kusa da ƙarshe na Copa del Rey da Mallorca ba. A Janairun 2024 aka cire shi daga tawagar Super Eagles ta gasar cin kofin Afirka a Ivory Coast saboda rauni, aka kira Paul Onuachu, sai ga shi 'yan kwanaki bayan haka ya buga wa kulob ɗinsa wasa. Surutun da wannan ya jawo a Najeriya ya ƙara manna masa sunan wanda ba a iya dogaro da jikinsa.

Sai Valencia ta karɓe shi aro a Janairun 2025, lokacin tana cikin 'yan dagaji, ga sabon koci Carlos Corberán. Sadiq ya ci ƙwallaye masu muhimmanci, ciki har da biyu a wasan 3-3 da Osasuna, ɗaya da dunduniya, wadda bidiyonta ya daɗe yana yawo a wayoyin matasa. Valencia ta tsira, ta ƙare a mataki na 12. Duk da haka ba ta biya kuɗin da aka rubuta a yarjejeniyar aron ba, ya koma Sociedad, aka shafe damuna ana raɗe-raɗin inda zai nufa.

Boniface: cinikin da ya mutu a ɗakin likita

Na Boniface daban ne, kuma shi ne ainihin misalin abin da ake musu a kai. Sau biyu jijiyar ACL ta tsinke masa yana Bodø/Glimt ta Norway, a 2019 da 2020, tun kafin ya cika shekara 20. Union Saint-Gilloise ta Beljiyam ta yi kasada da shi a 2022, ya saka mata da ƙwallo 6 a gasar Europa, ya yi kunnen doki da Marcus Rashford a matsayin wanda ya fi kowa ci. Bayer Leverkusen ta ɗauke shi a 2023, ya ci 14 a Bundesliga a kakar da suka ɗauki kofi ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba.

Amma a cikin wannan kakar ma sai da ya yi watanni yana jinyar matse-matsi, raunin da ya hana shi zuwa Ivory Coast. A kaka ta gaba cinya ta sake zaunar da shi. A Janairun 2025 an kai ga maganar tafiyarsa Al-Nassr ta Saudiyya, daga ƙarshe kulob ɗin ya zaɓi Jhon Durán na Aston Villa. A Agusta ya sauka birnin Milan, aka ɗauki hotonsa a filin jirgi, aka yi masa gwajin lafiya, sai ya koma Jamus babu kwantiragi. Ranar 1 ga Satumba Werder Bremen ta karɓe shi aro.

Abin dariyar, wanda magoya bayan Chelsea a gidajen kallo suka fi kowa jin daɗin maimaitawa, shi ne wanda AC Milan ta saya a madadinsa: Christopher Nkunku, mutumin da ya ji rauni a gwiwa a wasan sada zumunta a Agustan 2023 kafin ma ya buga wa Chelsea wasan Firimiya ko ɗaya, bai dawo ba sai Disamba. Ke nan Milan ba ta guji mai tarihin rauni ba. Ta auna gwiwa biyu ne ta zaɓi wadda likitocinta suka fi yarda da ita.

Me likitocin ke dubawa?

ACL jijiya ce a tsakiyar gwiwa da ke haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, tana hana ƙwaurin zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya juya da gudu. In ta tsinke gaba ɗaya, yawanci ba ta haɗewa da kanta. Likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa ya dasa a madadinta, ɗan wasa ya yi wata 6 zuwa 9 ko fiye kafin ya koma fili. Matsalar ba ta tsaya ga jijiyar kaɗai ba. Sau da yawa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan yakan lalace tare da ita, kuma shi ba ya komawa yadda yake. Gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu takan riƙa kumbura idan wasanni suka yi yawa, sai jiki ya karkata nauyi zuwa wani wuri, nan ne cinya da matse-matsi ke fara ciwo.

Shi ya sa haɗa Sadiq da Boniface a kwando ɗaya kuskure ne. Na farko ya yi babban rauni sau ɗaya, abin da ya fi damun masu saye shi ne ko zai koma cin ƙwallo kamar a Almería. Na biyu ba a shakkar ƙwallonsa, ana shakkar wasa nawa zai iya bugawa a kaka.

Waɗanda aka yi kasada da su aka ci riba

Masu goyon bayan a saya suna da hujja mai ƙarfi, kuma tsofaffin magoya bayan Manchester United ne suka fi kawo ta. A Afrilun 2000 cinikin Ruud van Nistelrooy daga PSV ya wargaje saboda shakkar gwiwarsa, kwanaki kaɗan bayan haka ACL ɗinsa ta tsinke a atisaye. Alex Ferguson ya jira shekara guda, ya biya Fam miliyan 19 a 2001. Van Nistelrooy ya ci wa United ƙwallo 150 a wasa 219. Ronaldo na Brazil ya yi kusan shekara biyu yana jinyar gwiwa a Inter Milan, ya dawo ya ci 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002, Real Madrid ta saye shi. Demba Ba na Senegal ya faɗi gwajin lafiya a Stoke City a Janairun 2011, amma a kakar 2011/12 ya ci wa Newcastle ƙwallo 16 a Firimiya.

Sai dai ana tuna waɗannan ne saboda sun yi nasara. Wanda gwiwarsa ta ƙi shi ba ya shiga hirar teburin mai shayi.

'Yan Nijar kuwa ba sa buƙatar zuwa nesa. Moussa Maâzou, wanda ya taso daga AS FAN ta Yamai, ya yi tashe a Lokeren ta Beljiyam har CSKA Moscow ta biya kusan Yuro miliyan 5 a kansa a 2009. Ya taka rawa a Monaco a zaman aro na 2010, kuma a Oktoban wannan shekara shi ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar 1-0 a Yamai, a hanyar da ta kai Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012. Zamansa a Bordeaux bai yi daɗi ba, ya koma Monaco a Janairun 2011, da zuwansa ya ji mummunan rauni a gwiwa. Bayan haka ya ci gaba da buga ƙwallo shekaru da yawa, a Beljiyam, Faransa, Tunisiya, Portugal da China, har ya sake farfaɗowa a Marítimo. Amma manyan kulob irin waɗanda suka riƙa bibiyarsa a 2009 ba su sake dawowa ba.

Farashi ne ke raba gardama

Idan aka dubi yadda kulob-kulob ke yi a aikace, ba kasafai amsar ke zama e ko a'a ba. Ana karɓar ɗan wasa aro tare da zaɓin saye, ko a rage kuɗin farko a ɗaura sauran a kan yawan wasannin da ya buga, ko a ba shi gajeren kwantiragi. Haka Valencia ta yi da Sadiq, ita ma Bremen aro ta karɓi Boniface. Hukumar FIFA ma tana biyan kulob diyya, har zuwa Yuro miliyan 7.5, idan ɗan wasansa ya ji rauni yana buga wa ƙasarsa, amma wannan bai shafi raunin da aka ji a wasan kulob ba.

Ga kulob mai neman tsira daga faɗuwa, wanda ba shi da kuɗin sayen lafiyayyen ɗan wasa mai irin wannan ƙwarewa, ɗaukar Sadiq ko Boniface aro ciniki ne mai ma'ana, ko da rabin wasanni za su buga. Ga kulob mai buga wasa duk bayan kwana uku a gasar Zakarun Turai, wanda zai gina komai a kan lamba 9 guda ɗaya, biyan cikakken farashi a kan gwiwar da aka buɗe sau biyu caca ce. Milan ta yi lissafinta, kuma da wuya a ce ta yi kuskure, ko da abin bai yi wa 'yan Najeriya daɗi ba.

Gwiwar da ba a yi wa hoto

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ba a cika tsayawa a kai ba a gidajen kallo, alhali shi ya fi kusa da masu musun. Yawancinsu su ma suna buga balo, a gasannin unguwa da na hutun makaranta, a filaye masu rairayi ko busasshiyar ƙasa mai ramuka. Idan yaro ya murɗe gwiwa a Magarya, ko Bande, ko Dungas, wurin mai ɗori ake fara kai shi. Mai ɗori ya san karaya da targaɗe, kuma jama'a sun daɗe da yarda da shi. Amma tsinkewar ACL ba karaya ba ce, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Kumburi yakan sauka bayan makonni, yaron ya tashi yana tafiya lafiya lau, a ɗauka ya warke. Sai ya koma fili, ya zo yanke mai tsaron baya, gwiwar ta sake zamewa, kowane zamewa kuma yana ƙara cinye guringuntsi.

Irin wannan matashi, in ya samu damar gwaji a wani kulob na Damagaram, Maraɗi, Yamai ko Kano, ba zai faɗi cewa gwiwarsa na ciwo ba, domin ya san akwai goma a bayansa masu jiran wurin. Sadiq ya samu tiyata, da likitocin kulob, da albashinsa yana shiga duk wata har ya warke, ga kwantiragin shekara 6 da ya sa wa hannu kwana goma kafin ya faɗi a Getafe. Ɗan wasan gaba na gasar unguwa a Dungas ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma idan damuna ta zagayo, da wannan gwiwar zai shiga gona.