Sarƙa Mai Filafilai: Dabarar Tuƙa Jirgi da Ta Kasa a Kogi, Ta Ci Riba a Fadama

Duk wanda ya taɓa kifa keke don liƙin faci, ya juya feda da hannu, ya ga yadda cen ke tafiya. Sashe ɗaya ya nufi gaba, ɗayan ya nufi baya, ba farko ba ƙarshe. To a ce an tsawaita cen ɗin nan ya kai tsawon kwalekwale, an kafa masa alluna a tsaye jefi-jefi, sannan an rataya shi a gefen jirgi yadda sashen ƙasa zai nutse cikin ruwa, na sama kuma ya zauna a sarari. Da an juya shi, allunan ƙasa za su riƙa tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba. In allo ya kai ƙarshe sai ya fito, ya bi ta sama ya koma goshin jirgi, ya sake nutsewa. Wannan ita ce sarƙa mai filafilai. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan tana jan hankalin maƙera da injiniyoyi, kuma kusan kowane zamani sai an sami wanda ya gano ta, ya ruga yin rajista yana zaton shi ne na farko.

Ba wauta ke kai su ba. Akwai wata matsala ta gaskiya da suke son magancewa. Dubi Basarke a Yawuri yana tuƙi: yakan soka filafili a tsaye, ya ja shi a miƙe tare da jikin jirgi, ya zare shi ta gefen kaifinsa ba tare da ya kwaso ruwa ba. Kusan duk ƙarfin damtsensa gaba yake kai jirgin. Da injin tururi ya zo, hanya mafi sauƙi ta kwaikwayon wannan hannu ita ce a ƙera babban wili, a jera masa alluna a kewaye. Amma wili da'ira yake bi. Allonsa yakan faɗo kan ruwa a karkace, ya mare shi, ya danna shi ƙasa. Sai ya kai can ƙasan da'irar yake tsayawa cak kamar filafilin Basarke, na ɗan ƙiftawar ido. Wajen fita kuma ya kwaso ruwa ya watsa sama. Marin da watsin duk gawayi ne aka ƙona a banza. Ƙari a kan haka, a cikin allunan wili 'yan kaɗan ne ke cikin ruwa a lokaci guda, sauran iska suke sha.

Sarƙa ta yi alkawarin gyara duk wannan. Alluna da yawa a cikin ruwa a tare, kowanne a tsaye, kowanne yana doguwar tafiya a miƙe, kuma ba sai ruwa ya yi zurfi ba. A kan takarda ba ta da makusa.

A watan Satumba na 1785, wani Ba'amurke mai suna John Fitch ya gabatar wa ƙungiyar masana ta birnin Filadalfiya zane da ɗan samfurin jirgin tururi mai irin wannan sarƙa. Fitch mutum ne da ya taɓa sana'o'i barkatai: gyaran agogo, ƙirar azurfa, gyaran bindiga, awon filaye. A 1786 shi da abokin aikinsa Henry Voigt, wanda shi ma mai agogo ne, suka ɗauki ƙaramin jirgi suka gwada dabaru iri-iri a kogin Delaware, har da sarƙar. Sakamakon bai yi daɗi ba. Sai Fitch ya watsar da ita ya koma wa hannun ɗan Adam kai tsaye, ya jera filafilai goma sha biyu, shida dama shida hagu, inji yana soka su yana zarewa kamar matuƙan kwalekwale. Da wannan ya yi gwaji ranar 22 ga Agusta 1787, a gaban wasu daga cikin wakilan da suka taru a birnin suna rubuta tsarin mulkin Amurka. A 1790 wani jirginsa mai filafilai a baya ya yi jigilar fasinja tsakanin Filadalfiya da garuruwan da ke sama da ita, ya ci fiye da kilomita 3,000 a bazara ɗaya. Kuɗi ne bai shigo ba. Fitch ya mutu a 1798 a jihar Kentaki, cikin talauci da takaici.

Sai dabarar ta ɓulla a Faransa. A 1802 wani mai agogo daga garin Trévoux, ana ce masa Desblancs, ya yi rajistar jirgin tururi mai sarƙa a kowane gefe, ya kuma gwada shi a kogin Saône. Faransawa sun kira tsarin da sunan carbi, kuma sunan ya dace, domin allunan na bin juna ne kamar 'ya'yan carbi a hannun mai lazimi. A wannan shekarar dai Robert Fulton, wanda tarihi ya fi ba shi kambin jirgin tururi, yana garin Plombières yana wasa da wani ɗan samfuri mai aiki da wayar agogo, yana auna wace hanya ta fi tura jirgi. Lissafinsa na farko sarƙa ya zaɓa. Da ya zo ƙera jirgi na gaske tare da abokin aikinsa Robert Livingston, sai ya sauya ra'ayi ya sa wili, kuma da wilin ya yi gwaji a kogin Seine a birnin Paris ranar 9 ga Agusta 1803. Desblancs ya yi ƙorafin an taka masa haƙƙi, Fulton ya amsa da cewa nasa jirgin ba sarƙa a jikinsa. Jirgin Desblancs bai je ko'ina ba. Na Fulton kuwa, a 1807, ya tashi daga New York ya kai Albany, tafiyar kilomita kusan 240, cikin awa 32.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan masu agogo a labarin nan. Agogon aljihu na wancan zamani yana da 'yar siririyar sarƙa a cikinsa, kuma wanda ya shekara yana kallon ta tana aiki sumul a cikin gida mai murfi, ba ƙura ba laima, dole ya yarda da ita. Kogi kuwa ba murfi gare shi ba.

Wili abu guda ne da ke juyawa a kan sanda guda, wuri biyu za ka ɗiga wa mai ka huta. Sarƙa kuwa gaɓoɓi ce ɗaruruwa, kowace gaɓa da ƙusarta, kowace ƙusa tana gugar maƙwabciyarta duk lokacin da ta lanƙwasa a kan faifai mai haƙora. Rabin gaɓoɓin nan a cikin ruwa suke, inda mai ba ya zama, yashi kuma yana shiga yana cin ƙarfe kamar zarto. In ƙusoshi suka cinye, sarƙa ta saki, ta fara tsallake haƙori. Mai babur ya san wannan ciwo, shi da cen ɗinsa bai wuce kamu biyu ko uku ba. Gaɓa ɗaya ta tsinke, duk tafiya ta tsaya. Sannan allon da ke kan sarƙa ba shi da kafaffen gindi, da ruwa ya tokare shi sai ya nemi kwantawa baya, wato tsayuwar nan cak da aka yi sarƙar dominta ta tafi ke nan. Kafin a hana shi kwanciya sai an ƙara dogo da ƙananan tayoyi da matokarai, nauyi ya ƙaru, guga ta ƙaru. Injin tururi na farko kuwa da ƙyar yake ɗaukar nauyin kansa.

Duk waɗannan ana iya cewa laifin ƙarfen zamanin ne. Amma akwai babban aibi da ke cikin ruwan kansa. Filafili yana tura jirgi ne saboda ya sami ruwa mai nauyi a kwance ya tokara. Allon farko a jerin yana samun irin wannan ruwa. Na biyu kuwa yana shiga ruwan da na farko ya riga ya kora baya, na uku ya tarar da wanda ya fi gudu, haka har ƙarshe. Allo goma a layi ɗaya ba sa ba da ƙarfin allo goma, na baya suna bin sawu ne kawai, kamar mutum goma da suka jeru suna turin ƙofar da na gaba ya riga ya buɗe. Abin sha'awa, irin wannan sarƙa mai alluna ta daɗe tana aiki lafiya a ƙasar Sin, kusan shekara dubu biyu, wajen ɗebo ruwa zuwa gonakin shinkafa, suna kiranta ƙashin bayan dodo. Can allunan a cikin kwararo na katako suke tafiya, ruwa ba shi da mafita sai ya hau. A tsakiyar kogi ba bango, ruwa sai ya zame ta gefen allo ya yi tafiyarsa.

Kafin masu sarƙa su gama wannan fama, an toshe ɓarakar da suka zo cikewa. A 1829 Elijah Galloway ya yi rajistar wili mai alluna masu juyawa, waɗanda wasu sanduna ke daidaita su su shiga ruwa kusan a tsaye, su fita a tsaye. A 1836 Francis Pettit Smith da John Ericsson kowannensu ya yi rajistar farfela a Ingila. A 1845 sojan ruwan Ingila suka ɗaure jirage biyu baya da baya, Rattler mai farfela da Alecto mai wili, aka ce kowa ya ja. Rattler ta ja Alecto da baya. Mu ma a nan wili muka fara gani. Jiragen tururi biyu da Richard Lander da Macgregor Laird suka shigo da su kogin Kwara a 1832 masu wili ne, kuma ɗayansu, mai jikin ƙarfe, sunansa Alburkah, daga kalmarmu ta albarka.

Da an ce labari ya ƙare nan, sai wata guguwa ta tashe shi. A 1928 mahaukaciyar iska ta afka wa yankin tafkin Okeechobee a jihar Fulorida, ruwa ya ci mutum aƙalla 2,500. Masu ceto suka rasa abin hawa, domin wurin ya fi ƙarfin mota saboda ruwa, ya kuma fi ƙarfin jirgi saboda taɓo da ciyawa. Donald Roebling, wanda ya fito daga zuriyar da ta gina gadar Brooklyn, ya duƙufa neman abin da zai ratsa irin wannan wuri. A 1935 ya fito da wata mota mai jikin alminiyam da ke iyo, ƙafafunta irin na katafila, an kafa wa sarƙarta ƙananan filafilai. Ya sa mata suna Kada da harshensu. Ta farko ko kilomita huɗu a awa ba ta yi a ruwa, sai da ya yi ta sauya siffar filafilan da yadda suke zaune. A watan Oktoba na 1937 mujallar Life ta buga hotunanta, manyan sojan ruwan Amurka suka gani, abin da aka ƙera don ceto ya koma kayan yaƙi. A Nuwamba 1943, a tsibirin Tarawa da ke tekun Pasifik, ruwa ya janye, jiragen sauke sojoji suka maƙale a kan duwatsun murjani da suka kewaye gaɓa. Motocin nan 125 ne suka iya hawa kan duwatsun suka gangara suka ci gaba da iyo. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare an ƙera fiye da 18,000.

Ba wai sun warware matsalar Fitch ba ne. A ruwa gudunsu bai wuce kilomita goma zuwa goma sha biyu a awa ba, suna shan mai kamar ba gobe, sarƙarsu na yawan neman gyara. Har wani sabon ciwon kai suka kawo, domin in jiki ya nutse sosai sashen sama na sarƙar ma yakan shiga ruwa, shi kuma gaba yake tura ruwan, yana warware aikin na ƙasa, sai an ɗaga shi ko an lulluɓe shi da marufi. Abin da ya sauya shi ne tambayar. Fitch da Desblancs suna neman abin da zai fi wili gudu a buɗaɗɗen kogi. Roebling yana neman abin da ba zai tsaya ba in ruwa ya ƙare, kuma a wannan fage farfela ba ta da ta cewa, da ta taɓa taɓo ko ta naɗo ciyawa shi ke nan.

Jikokin Kadan nan suna nan kusa da mu. Tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, yanayin gudun ruwa ya sauya a fadamun Haɗeja da Nguru, kachala ta mamaye hanyoyin ruwa, ta hana masunta wucewa, ta karkatar da ambaliya cikin gonaki. Injinan haƙa da ake kawowa don share ta ba a kan ƙafar katafila ta yau da kullum suke ba. A kan manyan tankunan ƙarfe biyu marufa suke zaune, sarƙa mai faffaɗan haƙora tana kewaya kowanne. A kan taɓo haƙoran su kama ƙasa, in ƙasa ta ɓace tankunan su ɗauki nauyi, haƙoran su koma filafilai. Tafiyar hawainiya suke yi, yaro a kwalekwale da gora ɗaya zai wuce su a sarari. In ya kai bakin kachala sai ya soke gorarsa ya zauna, ya jira injin ya iso.