Mako Shida Kafin GMAT: Ta Ina Ɗan Kudancin Kano Zai Fara?

Da kaka ta kawo kai, ba a rasa wani ma'aikacin banki ko malamin sakandare a Tudun Wada, Kiru ko Bebeji da zai farga cewa wa'adin neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci ya ƙarato, kuma makarantar da yake hari a Amurka ko Ingila tana buƙatar sakamakon jarrabawar GMAT. Saura masa mako shida, ga aiki, ga iyali.

Tarkon farko shi ne tsohon littafin da aboki zai ara masa. An sauya fasalin jarrabawar a ƙarshen 2023: an cire insha'i da gyaran jimla. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar Turanci 23, nazarin bayanai 20, maki kuwa daga 205 zuwa 805.

A ganina, tun ranar farko ya kamata ya zauna jarrabawar gwaji ta kyauta da ke shafin mba.com, agogo a gabansa. A nan zai gane cewa lissafin bai wuce na sakandare ba. Mai iya fitar da ribar buhun masara da ka ba zai tsorata ba, duk da ba a yarda da kalkuleta a wannan sashe ba. Abin da ke kayar da namu shi ne karanta dogon zancen Turanci, a gano inda hujjarsa ta yi rauni, cikin kusan minti biyu. Nan ya dace a zuba yawancin sa'o'in bayan sallar asuba. Barin tambayoyi ba amsa na rage maki, don haka wadda ta gagara a zaɓi amsa a wuce; ana iya dawowa a gyara uku a kowane sashe.

Sai batun wurin zama. Ana iya rubuta ta a gida ta intanet, amma duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a wajejen dajin Falgore ba zai jefa kuɗin da ya haura dala 250 cikin wannan kasada ba. Gara ɗan Doguwa ya kama hanyar Abuja, ya kwana can.

Ya kuma sa ranar a mako na huɗu, domin sai an yi kwana 16 kafin a sake zama. Wanda ya bar ta sai makon ƙarshe, idan makin bai kai ba, sai baɗi.