Gobara Ba Ta San Mai Gida Da Ɗan Haya Ba

Masaka gari ne a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, tsadar haya ta yi ta koro ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Mararaba da Masaka, inda iyali da yawa ke zaune cikin gida guda, ɗaki na jingine da ɗaki. A irin wannan zama, in risho ya fashe ko wayar lantarki ta yi tartsatsi a ɗaki ɗaya, kafin motar kashe gobara ta ratso cunkoson hanya wuta ta gama ɓarna.

To, in haka ta auku, wa zai biya wa? Galibin 'yan haya suna zaton nauyin yana kan mai gida. Ba kullum haka abin yake ba. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta yin inshorar gine-ginen da jama'a ke amfani da su, har da gidajen haya, saboda gobara da ambaliya da rushewa. A 2025 an maye gurbinta da sabuwar doka wadda ita ma ta riƙe wannan wajibci. Amma wannan inshora ba ta biyan kayan ɗan haya sai in doka ta ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar. In ba haka ba, katifa da keken ɗinki da kayan ɗakin uwargida ba sa ciki, sai in ɗan haya ya yi wa kayansa tasa inshorar.

Hanyar kuwa ba wuya. Mutum zai rubuta kayansa da kimarsu, ya biya wani ɗan kaso a shekara, ya adana rasit a wani wuri dabam. In tsautsayi ya faɗa, kamfani ya biya shi gwargwadon abin da aka rubuta. Shi ma mai gida ya huta, domin ɗan hayar da aka biya diyya ba zai kai shi ƙara ba, ba kuma zai gudu da bashin haya ba.

Masu ƙyamar inshora saboda riba su ma an yi musu hanya. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin Takaful a 2013, wato tsarin da jama'a ke tara gudummawa a asusu ɗaya, a ɗebi a taimaki wanda masifa ta afka wa, in an sami rara a raba.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, zancen Masaka naku ne. Kafin a biya kuɗin haya, a tambayi mai gida takardar inshorar gininsa, sannan a yi ta kayan ɗaki. Rigakafi ya fi magani.