Ɗinkin Shimfiɗa: Harsashin Surfanin Kwamfuta

Sau da yawa ma'aikaci kan tara kuɗi ya sayi shadda mai tsada domin Salla, ya kai a yi masa surfani da kwamfuta, amma da zarar an yi wanki ɗaya sai wuyan rigar ya tattare, zanen ya karkace. Galibi akan ɗora wa mai wanki laifi, alhali kuwa ɓarnar ta samo asali tun ranar da aka tsara zanen.

Keken surfani irin na Tajima ko Barudan, waɗanda ake ƙerawa a Japan, ba ya tunani. Abin da mai tsara zane ya umarce shi a kwamfuta shi yake bi, allura bayan allura. To, duk zaren da ya sauka yana jan yadi ta inda ya miƙe, yana kuma tura shi ta ƙarshen layi. Idan dubban ɗinki suka taru wuri guda, tilas yadi ya tsuke.

Maganin wannan shi ne ɗinkin shimfiɗa, watau ɗinki mai tazara wanda keke ke fara yi kafin ɗinkin ado ya rufe shi. Aikinsa uku ne: yana haɗe yadi da takardar da ake sawa a bayansa, yana kwantar da gashin yadi, yana kuma ɗaga zaren sama don kada ya nutse.

Siririn layi wanda bai kai milimita 2 ba, ɗinki ɗaya a tsakiyarsa ya isa. Mai faɗi kuwa sai an bi gefunansa daga ciki, sa'an nan a yi masa ɗinki mai kai-da-komo. Babban fili, irin na aska takwas a babbar riga, shimfiɗarsa takan gitta wa ɗinkin sama ne, kada su bi hanya guda. Yadi mai talewa ya fi shadda bukatar shimfiɗa, amma in ta yi yawa aikin yakan sandare.

Wasu masu sana'ar sukan rage shimfiɗa don keke ya gama da wuri, tun da ba mai ganinta. Saboda haka, mai saye, kafin ka ba da shaddarka, nemi ganin aikin da aka riga aka wanke. Araha dai ba ta ado.